DAGA MASHIGIN GIRIS ZUWA FILIN JIRGIN AMBURSA: TARIHIN TAFIYAR MUTANEN ILLO

 Abin da muka zaɓa mu tattauna a bana shi ne tafiya, wato yadda mutumin Illo yake fita neman abin kansa da yadda yake komowa gida, tun daga zamanin jaki da kwale-kwale har zuwa yau da ake da filin jirgin sama a Ambursa, kusa da Birnin Kebbi. Dalilin ɗauko wannan magana kuwa shi ne, a kowane taro na gida mukan ji uzuri iri ɗaya daga bakin waɗanda ba su samu halarta ba: nisa, da wahalar hanya, da ƙarancin lokaci. Babu shakka a da wannan uzuri ne mai ƙarfi. To amma lokaci ya yi da za mu ɗora shi a kan ma'aunin tarihi, mu ga nawa ne ya rage daga cikinsa, kuma abin da ya ragen a wuyan wa yake.

ILLO, GARIN MASHIGI

Duk wanda ya san tarihin ƙasar Bargu ya san ana ambaton garuruwa uku tare, wato Busa da Nikki da Illo, kuma labarin baka da muka gada daga kakanni yana danganta kafuwar ukun ga zuriyar Kisira. Amma abin da ya ɗaga sunan Illo a bakin fatake shi ne wurin da Allah ya ajiye ta. Tana zaune ne a gaɓar kogin Kwara ta wancan ƙetare, ga mashiginta na Giris, inda masu jirage ke fitar da mutane da dabbobi da kaya.

A ƙarni na 19 babu fataucin da ya kai na Gwanja suna a ƙasar Hausa. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato ko Jega, ɗauke da kanwa da baƙaƙen tufafi na rini da jemammun fatu da gabu, ya nufi Salga domin sayo goro. Babu yadda za a yi ayari ya isa can sai ya ƙetare Kwara, kuma mashigan da aka sani ba su da yawa: waɗansu kan bi ta Yawuri da Busa, waɗansu kuwa su bi ta wannan yanki namu na Illo da Gaya, daga nan su ratsa Kandi da Jugu da Sansanin Mango da Yandi. Zuwa da komowa kan ci rabin shekara, wani lokaci har shekara guda. Madugu ne shugaban tafiya, jagaba yana gaba yana duba hanya da zango, uban dawaki kuma yana taimakawa wajen sasantawa da sarakunan da ake ratsa ƙasarsu.

Ƙetare da ɗaruruwan jakuna a kogi irin Kwara ba aikin yini ɗaya ba ne. Dole ayari ya sauka ya kwana biyu ko fiye, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne garin mashigi yake cin moriyarsa. Sarki ya karɓi gaisuwa, masu jirgi su karɓi kuɗin fito, fatoma ya sauke baƙi, dillali ya ci la'ada, mata su sayar da fura da tuwo da soyayyen kifi, yara su yanko ciyawar dabbobi. Gishirin Foga ma yakan sauko ya haɗu da kayan kudu a kasuwannin wannan yanki. Saboda haka ne Illo ta zama matattarar Busawa da Kyangawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa. Arzikin kakanninmu ya tsaya ne a kan abu uku: hanya ta bi ta kansu, sun tanadi masauki, sun kuma tanadi kasuwa. Muna roƙon mai karatu ya riƙe waɗannan ukun, domin za mu koma kansu.

YADDA HANYA TA KAUCE MANA

Daga ƙarshen ƙarni na 19 abubuwa suka fara sakewa. A 1892 yaƙin basasa ya wargaza Salga. A 1894 Lugga ya yi tseren isa Nikki da Bafaranshen nan Decoeur, kowa yana neman ya riga ɗan'uwansa ƙulla yarjejeniya da sarakunan Bargu. A 1896 wani hafsan sojan ruwa na Faransa mai suna Hourst ya gangaro Kwara da jiragensa har bakin teku, a 1897 kuma sojojin Faransa suka zauna a Illo da Busa. Rikicin bai kwanta ba sai da Ingila da Faransa suka sa hannu a kan yarjejeniyar birnin Faris ta ranar 14 ga Yuni, 1898. Abin sha'awa ga ɗalibin tarihin gida shi ne, da mashigin Giris aka auna inda iyaka za ta taɓa kogi: aka ƙidaya mil 10 daga Giris zuwa sama, aka ce nan ne. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa a wancan lokaci har a manyan ofisoshin Turai an san da zaman mashiginmu.

Sai dai wannan iyaka ta raba Bargu gida biyu. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka zauna a hannun Ingila, daga baya kuma Turawan mulki suka cire Illo daga Bargu suka haɗa ta da masarautar Gwandu a lardin Sakkwato. Garin da a da yake tsakiyar hanya sai ya wayi gari a ƙarshen taswira.

Abin da iyaka ta fara, jirgin ƙasa ya ƙarasa. A 1911 layin dogo ya isa Kano. Tun daga nan sai aka riƙa ɗauko goro ta teku zuwa Legas, a loda shi a jirgin ƙasa, ya iso Kano cikin 'yan kwanaki da ɗanyensa, maimakon watannin da yakan yi a bayan jaki. A 1929 dogo ya kai Ƙauran Namoda, ya tsaya nan, bai ƙaraso Sakkwato ba balle gaɓar Kwara. A 1958 aka gina gada tsakanin Gaya da Malambil, manyan motocin da ke tsakanin Kwatano da ƙasar Nijar suka koma bi ta can. A 1968 kuma aka gama madatsar ruwa ta Kainji, tsohuwar Busa ta nutse, yanayin kogin ya sake. Babu wanda ya kawo wa Illo yaƙi a duk waɗannan shekaru. Hanya ce kawai ta kauce, kasuwa ta bi ta, matasa kuma suka bi kasuwa. Mafi yawan masu karanta wannan mujalla 'ya'ya ne ko jikokin waɗanda suka bi hanyar da ta kauce.

ZAMANIN MOTA

Da mota ta shigo, sai ma'aunin tafiya ya sauko daga watanni zuwa kwanaki. Amma wani sabon nisa ya bayyana, wato nisan hukuma. Duk takardar da ta shafi ɗaukar aiki ko ƙarin girma ko kwangila ko lasisi, a wani gari mai nisa ake sa mata hannu. Har zuwa 1967 Kaduna ce hedikwatar Jihar Arewa. Daga wannan shekara Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 kuma ta zama ta Jihar Sakkwato. Mu da muka shiga kwalejojin horon malamai a zamanin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, mun san abin da ake nufi da bin takarda zuwa Sakkwato. Malami kan bar ajinsa kwana uku ko huɗu domin aikin da bai fi na rabin sa'a ba a gaban akawu, idan kuma ya tarar mai sa hannu ba ya nan, sai ya ƙara kwana. Kafin a gina gadar Tuga kuwa, tafiyar takan fara ne da jiran fito a bakin kogi, kuma wanda ya makara sai ya kwana a gaɓa.

Shekarar 1991 ta zo da canji biyu a tare. Ranar 27 ga Agusta gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Kebbi mai hedikwata a Birnin Kebbi, ranar 12 ga Disamba kuma aka mayar da fadar gwamnatin tarayya daga Legas zuwa Abuja. Hukumar jiha ta matso kusa da mu, ta tarayya ma ta rage nisa. Duk da haka, wanda ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Abuja a mota sai ya bi Jega da Koko da Yawuri da Kwantagora da Tegina da Minna da Suleja, tafiyar da takan cinye yini guda cur. Taron sa'a biyu a wata ma'aikatar tarayya yana nufin yini ɗaya na zuwa, yini ɗaya na taro, yini ɗaya na komowa, ga kuɗin masauki na dare biyu, ga ciwon jiki na mako guda.

JIRGIN SAMA A AREWA

Arewa ce ta fara ganin jirgin sama a Nijeriya. A farkon Nuwamba na 1925 waɗansu jirage uku na sojan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar suka biyo ta Sudan, suka sauka a Kano ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Coningham. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano, daga bisani ya miƙa har Legas. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1946, aka kafa kamfanin jiragen sama na ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila, wanda ya riƙa haɗa garuruwa da ƙananan jirage. A 1958 kamfanin Nigeria Airways ya gaje shi a nan gida, ya yi aiki har zuwa 2003.

A duk tsawon wannan zamani, ga mutumin Illo jirgin sama abu ne na kallo a sararin sama, ko kuwa na tafiya guda a rayuwa, wato aikin hajji. Ko a wannan ma an ga babban sauyi, domin kakanninmu da ƙafa da jaki suke bin hanyar Barno da Cadi da Sudan, su ƙetare Bahar Maliya, tafiyar da kan ɗauki shekaru, da yawa kuma a Sudan suka yi zamansu ba su komo ba. Jirgi ya mayar da ita tafiyar sa'o'i. Amma sai maniyyaci ya je Kano, daga baya kuma Sakkwato, inda aka buɗe sabon fili a farkon shekarun 1980, wanda ake kira da sunan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Ko bayan samun jiha, alhazan Kebbi sun shafe fiye da shekara 20 suna tashi daga Sakkwato. Haka ma ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke son hawa jirgi zuwa Abuja ko Legas, sai ya fara yin tafiyar kimanin sa'a biyu daga Birnin Kebbi zuwa arewa, domin ya hau jirgin da zai kai shi kudu.

AMBURSA: AMFANIN ƘARAMIN FILI

A zamanin Gwamna Sa'idu Usman Nasamu Dakingari, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, aka gina filin jirgin sama na Ambursa a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, aka sa masa sunan Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Tun daga nan alhazan jiha suka koma tashi daga gida, har ma a watan Mayu na 2024 daga nan ne jirgin farko na alhazan Nijeriya baki ɗaya ya tashi, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya halarci bikin. Kamfanoni irin su Azman da Air Peace kuma sun yi jigilar fasinja zuwa filin a lokuta daban-daban.

Ko da yake sunansa na ƙasa da ƙasa ne, idan aka auna shi da yawan masu shige da fice ƙaramin fili ne, kuma a cikin ƙanƙantar tasa ne amfaninsa yake ga mai gajeriyar tafiya. Wanda ya taɓa hawa jirgi a Legas ya san cewa rabin wahalar tana ƙasa. Sai mutum ya baro gida tun da asuba saboda cunkoson motoci, ya yi layi a ƙofa, ya yi layin awon kaya, ya yi layin bincike, sannan ya zauna jira cikin ɗaruruwan mutane. Filin Abuja ma yana da tazara mai yawa daga tsakiyar birni. A Ambursa kuwa, daga cikin Birnin Kebbi zuwa ƙofar fili tafiyar mintoci ce, ba cunkoso. Motar da ta kawo ka tana tsayawa kusa da ƙofa. Fasinjojin jirgi guda ne a gabanka, saboda haka awo da bincike ba sa ɗaukar lokaci. Idan ka sauka kuwa, kafin ka gama gaisawa da wanda ya zo taryenka kayanka sun fito. Tafiyar sama tsakanin Birnin Kebbi da Abuja kimanin sa'a ɗaya ce.

Idan muka yi lissafi irin na aji, za mu ga tafiyar da a da take cin kwana uku yanzu tana iya zama ta kwana ɗaya da rabi, ko ƙasa da haka idan lokutan tashin jirgi sun dace. Ɗan kasuwa ya je Abuja ya ga banki ko hukumar kwastan ya komo bai rufe shago kwana uku ba. Lauya ya halarci zaman kotu. Malamin jami'a ya zo Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko ta jiha da ke Aliero ya duba jarrabawa ya koma. Likita ƙwararre, wanda ba zai yarda ya ɓata kwana biyu a mota ba, ya zo ya duba marasa lafiya a ƙarshen mako. Hausawa na cewa zuwa da kai ya fi saƙo, kuma ko a wannan zamani na wayar hannu, akwai cinikin da ba ya faɗawa sai an haɗa ido, akwai fayil ɗin da ba ya motsi sai mai shi ya tsaya a kansa.

Harkar shinkafa ta nuna haka a fili. A Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoma rance a nan Jihar Kebbi. A ƙarshen 2016 aka fito da shinkafar haɗin gwiwar jihohin Legas da Kebbi, a 2017 kuma aka buɗe babban injin casar shinkafa na WACOT a Argungu. A waɗannan shekaru ma'aikatan banki da injiniyoyi da masu sayen shinkafa sun yi ta safa da marwa, kuma samun inda jirgi zai sauke su ya sauƙaƙa musu zuwa. Mai kuɗi yana da wuraren zuwa da yawa, kuma yakan fara ne da inda zai je ya komo cikin sauƙi.

Akwai kuma maganar tsaro, wadda ba za mu ɓoye ta ba. A 2021 aka sace ɗalibai a Tegina da kuma Birnin Yawuri, dukkansu a yankin da hanyarmu ta zuwa Abuja take ratsawa. Tun daga wannan lokaci magidanta da yawa suka shiga yin tunani biyu kafin su ɗauko iyali a mota. Ana cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara, to ga shi Allah ya kawo zamanin da hanyar lafiyar ita ce ma mafi gajarta.

Wani amfanin da ba a cika ambata ba shi ne na zauren jira. A ƙaramin fili kowa yana ganin kowa. Kwamishina da ɗan majalisa da basarake da ɗan kasuwa duk a ɗaki ɗaya suke zaune, babu sakatare a tsakani. Maganar da za ka yi wata guda kana neman izinin shiga ofis domin ka faɗa, a nan sai ka faɗe ta cikin minti biyar. Wannan shi ne aikin da bakin mashigi yake yi a zamanin fatake, lokacin da jiran fito yake haɗa madugu da malami da manzon sarki a inuwa ɗaya.

INDA GIZO KE SAƘA

Duk da haka, gaskiya ɗaya ce, ƙaramin fili yana da nasa rauni. Jiragen da ke zuwa ba su da yawa, saboda haka idan aka soke tashi babu wani na gaba da za ka jira bayan sa'a biyu kamar yadda ake yi tsakanin Legas da Abuja. Da yawa daga cikinmu sun taɓa isa fili da jaka a hannu aka ce sai gobe. A lokacin hunturu hazo kan hana sauka. Kuɗin tikiti kuma ya yi tashin gwauron zabo tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023, har ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci da ɗan fansho. Babban abin tsoro kuma shi ne, kamfanin jirgi ɗan kasuwa ne, idan ya ga kujeru babu kowa sai ya ɗauke jirginsa ya kai inda ake cika shi.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A Amurka, lokacin da gwamnati ta sakar wa kamfanonin jirage mara a 1978, sai da ta kafa wani shiri na tallafi domin kada a yi watsi da ƙananan garuruwa. Indiya ma ta fito da irin wannan shiri a 2016 domin farfaɗo da ƙananan filayenta. A Ingila kuwa, duk da manyan filayen da ke kewaye da Landan, a 1987 sai da aka buɗe wani ƙaramin fili a gabashin birnin musamman domin 'yan kasuwa masu zuwa su komo a yini ɗaya. Darasin da ke nan shi ne, ƙasashen da suka ci gaba sun san darajar ƙaramin fili, sun kuma san ba ya rayuwa da kansa sai an riƙe shi. A nan gida ma mun gani a 2017, lokacin da aka rufe filin Abuja na mako 6 domin gyaran titin saukar jirage, filin Kaduna ne ya ɗauki nauyin babban birnin ƙasa gaba ɗaya.

SA'A ƊAYA A SAMA, SA'O'I UKU A ƘASA

Yanzu mu komo gida. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, haka kuma komai saurin jirgi a Ambursa zai ajiye ka. Daga nan zuwa Illo akwai sauran tafiyar sa'o'i uku ko fiye a mota, gwargwadon halin da hanya take ciki da kuma lokacin shekara. Ke nan ɗan Illo da ya taso daga Abuja yakan ƙare kashi mafi tsawo na tafiyarsa ne a cikin jiharsa. Da damina kuwa lamarin ya fi haka, kuma ba mu manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta cinye gonakin shinkafa a faɗin jihar ta kuma lalata hanyoyi a wannan yanki namu. Baƙon da ya zo daga Legas domin duba fadama ko kasuwar iyaka, idan aka gaya masa sauran tafiyar da ke gabansa da irin masaukin da zai tarar, sau da yawa sai ya tsaya a Birnin Kebbi ko Argungu, ya ƙulla cinikinsa a can. Ta haka ne hanya take sake kauce mana karo na biyu muna ji muna gani.

Alhali kuwa abin da ya jawo fatake a da yana nan bai gushe ba. Kogi yana nan, fadama tana nan, kifi da albasa da shinkafa da dabbobi suna nan. Iyakar da ta mayar da mu ƙarshen taswira ita ce kuma ƙofar Jamhuriyar Benin, ta Lolo da Tsamiya zuwa Malambil da Segbana da Kandi, har tashar jiragen ruwa ta Kwatano. A 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri wadda za ta ratsa Jihar Kebbi. Sabuwar taswirar hanyoyi ake zanawa a gabanmu, kuma tarihin da muka bayar a sama ya nuna abin da ke samun garin da aka zana taswira yana barci.

Mun ce arzikin kakanninmu ya tsaya a kan hanya da masauki da kasuwa. Shawarwarinmu ma a kan waɗannan ukun suke.

Game da hanya, wajibi ne 'ya'yan Illo da ke da murya a Abuja da Birnin Kebbi su mayar da gyaran titin da ya haɗa mu da gadar Tuga da Bagudo har zuwa babbar hanya abin magana na farko a duk inda suka samu kunnen hukuma, a rubuce kuma da sunan al'umma, ba kowa ya je da buƙatar kansa ba. Haka nan waɗanda Allah ya hore wa, su riƙa sauka a Ambursa duk lokacin da akwai jirgi, domin kowace kujera da aka cika hujja ce ta ci gaba da jigila. Shugabannin ƙungiya kuma su riƙa duba ranakun zuwan jirgi kafin su tsayar da ranar taro, a kuma tanadi amintacciyar mota da za ta kwaso mahalarta daga fili a tare, domin rage kuɗi da kuma samun abokan tafiya.

Game da masauki, abin kunya ne garin da ya sauki ayarin Gwanja ya rasa tsabtataccen wurin da zai sauki injiniya ko likita na dare ɗaya. Ɗakuna kaɗan masu ruwa da wutar sola sun isa a fara, kuma wannan jari ne da mutum biyu ko uku daga cikinku za su iya haɗa hannu su yi, ya biya kansa.

Game da kasuwa, kowane ɗayanku yana da abokan aiki da abokan ciniki a birnin da yake zaune. Ku gayyato su su zo su gani da idonsu, domin gani ya kori ji. A da ba za ka iya roƙon mutum ya ba ka mako guda ba, amma yau kwana biyu kawai kake nema a wurinsa.

Daga ƙarshe, muna tunatar da 'yan'uwa cewa kakanninmu sun yi tafiyar wata shida domin kwandon goro, kuma duk da haka sun komo gida da abin da suka samo. Iyayenmu sun kwana a bakin kogi suna jiran fito domin su kai mu makaranta. Mu da aka rage mana tafiyar zuwa yini ɗaya, uzurin nisa ya yi mana ƙaranci, wanda ya rage kuwa aikin hannunmu ne mu kawar da shi. Muna sa ran ganin fuskokinku a taro mai zuwa. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, ya kuma albarkaci ƙasar Illo da mutanenta, amin.